Fatsa da Sunan Banki

A tsakiyar shekarun 1990, kamfanin AOL ne babbar ƙofar da Amurkawa ke bi su shiga intanet, kuma a nan wannan damfara ta kankama. Wasu matasa suka riƙa aika wa masu hulɗa da kamfanin saƙo da sunan ma'aikatansa, suna cewa an samu matsala a asusunsu, sai sun turo lambar sirri ko lambar kati kafin a gyara. Wata manhaja mai suna AOHell ta sauƙaƙa musu aikin, har mutum ɗaya yakan iya jefa wa ɗimbin mutane saƙo a lokaci guda. Sunan da suka raɗa wa sana'ar a Turanci daga kamun kifi ya samo asali: a jefa fatsa da ƙoto, a jira wanda zai haɗiya.

Da hada-hadar kuɗi ta koma intanet, sai masu fatsar suka bi ta. Zuwa 2003 suna buɗe shafukan bogi masu kama da na PayPal da eBay, daga nan suka shiga kwaikwayon tambarin bankuna da salon wasiƙunsu. A 2009 hukumar FBI da jami'an Masar suka bankaɗo wani gungu na kimanin mutum 100, waɗanda suka yaudari masu ajiya a Bank of America da Wells Fargo, suka kwashe kusan dala miliyan 1.5.

A duk tsawon wannan tarihi, mai ajiya ne da kansa yake miƙa mabuɗin, saboda tsoron kada a rufe masa asusu. Shi ya sa kowane sabon matakin tsaro yakan zama sabon ƙoto. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014 domin daƙile zamba, amma ba a daɗe ba saƙonnin ƙarya suka cika wayoyi da imel, suna gargaɗin cewa za a toshe asusun duk wanda bai sabunta lambarsa ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ko tara a kan wannan laifi, sai dai hukuncin yakan zo ne bayan kuɗi sun salwanta.

Bankuna kan nanata cewa ba sa neman lambar sirrin kowa ta imel ko ta waya. Irin gargaɗin da AOL ya liƙa wa masu hulɗa da shi ke nan kusan shekara 30 da suka wuce.