Fina-finan Doki na Iyali da Tarihin Tausayin Dabba, daga Ingila zuwa Illela

Fina-finan doki na iyali rukuni ne na fina-finai da ake shiryawa domin yara da iyayensu su zauna su kalla tare, kuma doki ne jigon labarin. Galibi akan haɗa yaro ko yarinya da dokin da ya sha wuya a hannun mutane, ko wanda ya ƙi horuwa, a bi su a hankali har amana ta ƙullu tsakaninsu. Abin da masu shirya su suke nema shi ne mai kallo ya ji abin da dabba take ji na yunwa da tsoro da zafin bulala da kewar wanda ta saba da shi. A Ingila da Amurka suka samo asali, amma maganar da suke ɗauke da ita ta shafi gari irin Illela ta Jihar Sakkwato, wadda take fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, inda abincin gidaje masu yawa yake rataye a wuyan dabba.

Asali

Doki yana nan tun ranar da aka fara neman hanyar sa hoto ya motsa. A 1878, a gonar Leland Stanford da ke Palo Alto a Kalifoniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori ya ɗauki doki yana sukuwa, domin a tabbatar ko akwai lokacin da kofatansa huɗu suke barin ƙasa gaba ɗaya. Jerin hotunan nan yana cikin abubuwan da suka share wa fim hanya.

Amma ruhin wannan rukuni daga littafi ya fito. A ƙarshen 1877 wata Baturiyar Ingila, Anna Sewell, ta fitar da Black Beauty. Tun tana 'yar shekara 14 ta ji rauni a ƙafafu, ta rayu tana dogara da keken doki wajen zirga-zirga, don haka ta san dawakai sanin wanda ba shi da wata ƙafa sai tasu. Hikimar da ta yi ita ce ta bar dokin ya ba da labarinsa da bakinsa, tun yana duƙushi a makiyaya, har aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, wani mai kirki, wani mashayi, wani talakan da babu ce take sa shi takura wa dabbarsa. Ta yi kakkausar suka ga wani ɗauri da masu hannu da shuni suke ja daga linzami zuwa bayan doki don ya riƙa ɗaga kai ya yi kyan gani, alhali ɗaurin yana hana shi jan kaya a kan tudu, yana kuma cutar da wuyansa da numfashinsa. Ba yara ta nufa da littafin ba tun farko, masu aiki da dawakai ta nufa. Ta rasu a 1878, wata biyar bayan fitowarsa. A 1890 George Angell, mai fafutukar kare dabbobi a Amurka, ya sake buga shi a can, aka riƙa raba wa masu tuƙa keken doki. A lokacin Ingila ta riga ta yi dokar hana cutar da dabbobin gida tun 1822, an kuma kafa ƙungiyar kare dabbobi da ta zama RSPCA a 1824, sai dai doka ba ta shiga zuciya yadda labari yake shiga.

Bunƙasa

An mai da Black Beauty fim sau da yawa: a 1921 tun fim ba ya magana, sai 1946, 1971, 1994, da na kamfanin Disney a 2020. My Friend Flicka ya fito a 1943, National Velvet kuma a 1944, inda Elizabeth Taylor, tana 'yar shekara 12, ta fito a matsayin yarinyar da ta shiga babbar gasar sukuwa ta Ingila. Faransa ta ba da nata a 1953 da Crin-Blanc na Albert Lamorisse.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne The Black Stallion na Carroll Ballard, 1979. Jirgin ruwa ya nutse a gaɓar Arewacin Afirka, yaro da wani ingarma baƙi ɗan asalin Larabawa suka tsira zuwa tsibirin da babu kowa. Ana daɗewa a cikin fim ɗin babu wanda ya ce uffan. Yaron yana miƙa abinci, dokin yana matsowa yana ja da baya, har ranar da ya yarda aka taɓa shi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ɗan barga mai haƙuri yake sabo da sabon doki zai gane cewa gaskiya aka nuna, kuma mai kallon da ba ya jin Turanci bai rasa komai ba. Daga baya Spirit, fim ɗin zane na 2002, ya bi wannan sawu, bai sa dawakansa sun yi hira da juna kamar mutane ba. War Horse na Steven Spielberg, 2011, ya kai doki filin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Abin da ke bayan kyamara

Tarihin nan yana da tabo. Shekarun da ake koya wa yara son doki a allon silima, a cikinsu ne ake kashe dawakai wajen ɗaukar fina-finan yaƙi da na kaboyi. Akwai wata waya da ake ɗaura wa ƙafafun doki na gaba, a sake shi da gudu, idan wayar ta ƙare sai ya kife da ka. Da ita aka yi The Charge of the Light Brigade a 1936, dawakai da dama suka mutu. A 1939, wajen ɗaukar Jesse James, aka jefa doki daga kan dutse zuwa cikin ruwa, ya mutu. Fushin jama'a ya sa a 1940 ƙungiyar American Humane ta fara sa ido a wuraren ɗaukar fim a Holiwud, yayin da Birtaniya ta yi dokarta tun 1937 ta hana nuna fim ɗin da aka azabtar da dabba wajen yinsa. Sa idon ya yi rauni a shekarun 1960, bai sake ƙarfi ba sai bayan ƙorafin da ya biyo fim ɗin Heaven's Gate a 1980. Wannan ƙungiya ce take ba da shaidar da ake gani a ƙarshen fim cewa ba a cutar da wata dabba ba. Duk da haka dawakai biyu sun mutu wajen ɗaukar Flicka na 2006, fim ɗin da aka yi domin iyali, kuma a 2012 tashar HBO ta dakatar da shirin Luck bayan mutuwar dawakai uku.

A ƙasar Hausa

Dokin da ya fara zuwa wa Bahaushe a allo na kaboyi ne. Bayan majigin da Turawan mulki suke yawo da shi gari-gari, gidajen silima sun buɗe, irin su Rex a Kano a 1937, kuma fina-finan kaboyi suka kama zukatan samari. A can doki abin kora ne da tsere da harbi. Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin magabatan fim a Nijar, wanda ya yi zamansa a Tawa, babban birnin jihar da Ƙonni take ciki, ya lura da wannan. A fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, wani saurayi ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. A Nijeriya, Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya koma zamanin hari da bauta. Tun da finafinan bidiyo na Kano suka kankama daga 1990, doki yakan fito ne galibi a labarin sarauta, da ado da zagage, yana nuna girman mahayinsa. Da wuya a tsaya a tambayi halin da shi kansa yake ciki.

Wannan abin mamaki ne idan aka dubi matsayin doki a yankin. Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410. Ƙarfin Gobir a kan dawakai yake, ko da yake a yaƙin Tabkin Kwatto a 1804 jama'ar Shehu Usmanu, masu baka da dawakai kaɗan, sun rinjayi barade. Ɗagel, inda Shehu ya zauna kafin hijira, tana ƙasar Gwadabawa, maƙwabciyar Illela. Bahaushe yana da suna ga kowane launi, akawal da kili da danda da hurde, yana da sarautar Shamaki da ta Madawaki. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa doki waƙa sukutum, wato Dokin Iska Ɗanfilinge. A littafin Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, doki Ƙwalele abokin tafiyar Iliya ne, yaran da suka karanta shi a makaranta suna tuna sunansa kamar yadda suke tuna na ubangijinsa. Addini ma ya riga kowane fim. Hadisai sun kawo labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare, da matar da aka azabtar don ta tsare kyanwa, da raƙumin da Manzon Allah (SAW) ya tsawata wa mai shi saboda yana barinsa da yunwa yana kuma wahalar da shi. An hana dukan dabba a fuska, an hana yi mata lalas a fuska.

Illela a yau

Dokin gidan sarauta da na mai sukuwa yana samun harawa da dusa da kanwa da wanka. Wanda ya gaji wahalar da Sewell ta rubuta a kai shi ne jaki, da sa mai jan amalanke, da raƙumin dako. Ranar Lahadi, kasuwar Illela takan cika da shanu da raƙuma da tumaki da jakai da aka koro daga Nijar, a kara ake cinikinsu, a loda da yawa a tirela zuwa Kudu, tafiyar da take ɗaukar kwanaki. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukunci ga mai azabtar da dabbar gida ko mai yi mata lodin da ya wuce ƙima, amma gyambon da ke bayan jakin ɗaukar ruwa abu ne da ido ya saba da shi har ya daina gani. Kuma sau da yawa mai riƙe da sandar yaro ne, sa'an yaran da ake yi wa waɗannan fina-finai. Shi ma aiki ne ya fito da shi tun da sassafe, kuma abin da yake isa gare shi a gidan kallo ko a waya ya fi karkata ga ƙwallo da fassarar finafinan Indiya.

Wata barazanar ta ƙaru a 'yan shekarun nan, wato cinikin fatar jaki da ake kaiwa ƙasar Sin don haɗa wani maganin gargajiya. Farashin jaki ya tashi har ya fi ƙarfin talakan da yake aiki da shi. Nijar ta hana fitar da jakai a 2016, matakin da ya shafi kasuwannin kan iyaka irin su Illela da Maigatari, sannan a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince da haramta yanka jakai domin fatarsu a faɗin nahiyar.