AMSAR TAKARDUNKU: Tsibirin da ke hutu ranar 9 ga Mayu

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani manomi, wanda ya ce ya ji a rediyo wai akwai wani tsibirin Turawan Ingila da ke bikin samun 'yanci duk shekara. Ya ce shi dai a saninsa Ingilishi ne suka mallaki wasu, to su kuma wa ya mallake su?

To malam, ka yi tambaya. Sunan tsibirin Jesi, yana cikin tekun da ya raba Ingila da Faransa, kimanin kilomita 22 daga gaɓar Faransa, amma a ƙarƙashin sarautar Ingila yake. Rigar 'yan ƙwallo da muke kira jesi ma daga sunansa ta samo nata. Mutanensa sun yi suna wajen noman dankali da kiwon shanun madara.

Abin ya faru ne a yaƙin duniya na biyu, wanda dattawanmu ke kira yaƙin Hitila. A watan Yuni na 1940, da Jamus ta ci Faransa, sai Ingila ta ga ba za ta iya kare Jesi da maƙwabcinsa Gansi ba, ta kwashe sojojinta, amma ba ta sanar da Jamusawa ba. Ran 28 ga watan jiragen Jamus suka yi ruwan bama-bamai, mutum 44 suka mutu a tsibiran biyu. A Gansi motocin manoma ne ɗauke da tumatir suka yi layi a bakin tashar jiragen ruwa, aka ɗauka na soja ne. Ran 1 ga Yuli Jamusawa suka sauka Jesi, ba su fita ba sai bayan shekara biyar ba kaɗan.

Ka san baƙo in ya zo da bindiga, shi ne mai gida. Aka canza agogo ya bi na Jamus, aka kawo kuɗin Jamus kasuwa. Manomi ya noma, amma sai an ƙidaya masa dabbobinsa da amfanin gonarsa. A watan Yuni na 1942 aka ce kowa ya miƙa rediyonsa. Wasu suka ɓoye nasu, suna sauraron BBC a asirce. Wani limamin coci mai suna Clifford Cohu, da ke yaɗa labaran da aka ji, an kama shi, ya mutu a sansanin Jamus a 1944. Haka wata mai kanti, Louisa Gould, ta ɓoye wani ɗan Rasha da ya gudo daga aikin tilas. Aka kai tsegumi, aka tafi da ita, ta mutu a sansanin Ravensbrück a 1945.

Mafi tsanani kuwa yunwa ce. Bayan sojojin ƙawance sun sauka Faransa a watan Yuni na 1944, hanyar kawo abinci ta toshe. Sai mutane suka koma dafa ruwan teku don samun gishiri, ganyen daji ya zama shayi. Da mai gida da baƙon duk suka rame. A ƙarshen Disamba na 1944 wani jirgin ruwan ƙungiyar agaji ta Red Cross, mai suna Vega, ya iso da ƙunshin abinci daga Kanada da New Zealand. Sawu shida ya yi, kuma har yau mutanen tsibirin ba su manta da sunansa ba.

Ran 8 ga Mayu, 1945, aka kafa lasifika a dandalin Sent Heliya, babban birnin Jesi, jama'a suka ji firayim ministan Ingila Churchill yana cewa za a 'yanta tsibiransu. Washegari 9 ga wata, Jamusawa suka sa hannu a takardar miƙa wuya cikin jirgin yaƙin Ingila. Aka sauke tutar Jamus daga otal ɗin Pomme d'Or, aka ɗaga ta Ingila.

Shi ya sa duk 9 ga Mayu ake hutu. Majalisar tsibirin kan yi zama na musamman, a sake ɗaga tuta a otal ɗin nan kamar yadda aka yi ran farko, a kuma ajiye furanni don tunawa da baƙin da aka kawo aikin tilas suka mutu a can. A 2025 aka cika shekara 80.

Saboda haka malam, ba irin 'yancinmu na 1960 ba ne. Murna ce ta mutanen da suka ɗanɗana yadda ake rayuwa in abin da ka noma ba naka ba ne, labari kuma sai ka ɓuya kafin ka ji shi. Da fatan mun gamsar da kai.