Tazarar salansa da ƙasa a motocin da aka yi wa sauyi

Tazarar mota da ƙasa ita ce ratar da ke tsakanin hanya da sashen da ya fi kowanne yin ƙasa a cikin motar. A galibin ƙananan motoci tana kamawa daga santimita 13 zuwa 16, manyan motoci irin su Toyota Hilux kuwa sukan haura 20. Sau da yawa salansa ce ke fara taɓa ƙasa.

Hanyar fitar hayaƙi tana farawa ne daga manifol, wanda ke tattara hayaƙin kowace silinda ya haɗe shi a bututu guda. Daga nan sai matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, sannan tukunyar rage ƙara. Masu son ƙarin ƙarfin inji sukan cire manifol su saka heda, wato dogayen bututai, ɗaya ga kowace silinda. Saboda tsawonsu, mahaɗarsu takan sauko ƙasa da ta asali, ta cinye wani ɓangare na tazarar.

A Azare, hedikwatar masarautar Katagum, sauyin da aka fi gani na neman abinci ne. Motocin haya irin su Golf da Sharan an ƙera su ne domin titunan Turai. Tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta bi ta Azare, ba ta cika wahalar da su ba. Amma hanyoyin ƙauyukan Zaki, Gamawa da Itas/Gadau akwai yashi da rani, da damina kuma ramuka da zaizayar ruwa. Idan aka ƙara da lodin buhunan hatsi ranar kasuwa, sai bayan mota ya zauna, salansa ta riƙa gogar tudun hanya.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wasu direbobi sun koma iskar gas ta CNG. Tukunyarta tana da nauyi, kuma a but ake ɗaura ta, don haka ita ma tana sa baya ya sauka.

Haɗarin ya wuce asarar kuɗin walda. Idan bututu ya tsage, iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, tana iya shiga cikin mota ta jawo ciwon kai, jiri, har ma da mutuwa. Matatar hayaƙi kuma zafinta yakan wuce digiri 400 a ma'aunin Salsiyos, abin da ya isa ya kunna busasshiyar ciyawa lokacin hunturu.

Wasu kan ɗaga mota ta hanyar saka ƙarfe ko roba a saman sifirin. Hakan yana ƙara tazara, sai dai idan ya yi yawa motar takan yi saurin karkata a kwana, shaf kuma ya lalace da wuri.

Abin da ya fi dacewa shi ne a auna tazarar a shimfiɗaɗɗen wuri, motar na ɗauke da kayan da ta saba ɗauka. A tabbata babu bututun da ya sauko ƙasa da ƙarfen da ke riƙe da inji, a sauya robobin rataye salansa da suka saki, a kuma guji lodin da ya wuce ƙima, wanda laifi ne da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke hukuntawa a kai.