Masu Shawara da Falsafa: Tarihin Kafuwar Ƙungiyoyinsu

Ƙungiyoyin masana falsafa na farko a Turai da Amurka na masu nazari ne zalla. Ƙungiyar Aristotal, wadda aka kafa a Landan a 1880, da takwararta ta masana falsafa ta Amurka, wadda ta biyo baya a farkon ƙarni na 20, aikinsu shi ne shirya taro, da sauraron maƙaloli, da buga su. Masani ne ke magana da masani, ba wanda yake zuwa musu da damuwar gidansa.

Al'amarin ya sake salo a 1981, sa'ad da Gerd Achenbach ya buɗe ofis a garin Bergisch Gladbach, kusa da Kolon ta Jamus, inda mutum zai zo da abin da ya dame shi, ko mutuwar aure, ko rashin aiki, ko tsoron mutuwa, a zauna a tattauna da shi ta hanyar falsafa, sa'an nan ya biya. A 1982 ya kafa ƙungiyar masu wannan sana'a. Daga Jamus abin ya bazu zuwa Holan da Isra'ila, har a 1994 Ran Lahav da Lou Marinoff suka shirya taron duniya na farko a Bankuba ta Kanada.

To, da zarar ilmi ya zama sana'a, sai tambaya ta taso: wa ya cancanci yin ta, wa kuma zai ba shi izni? Achenbach ya ƙi ɗaure aikin da ƙayyadadden tsari, domin a ganinsa wanda ya zo baƙo ne abokin tunani, ba majinyaci ba. A Amurka kuwa wata hanya aka bi. A 1992 Elliot Cohen da Paul Sharkey suka kafa ƙungiya don kusanto masana falsafa da masana halayyar ɗan Adam. A ƙarshen shekarun 1990 Marinoff ya jagoranci kafa wata a New York, mai ba da horo da takardar shaida, har aka nemi majalisar jihar ta amince da sana'ar bisa doka, amma ƙudurin bai wuce ba.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Masu son takardar shaida suna gudun kada wanda bai san alamun taɓin hankali ba ya riƙe mai bukatar likita yana ta yi masa muhawara. Masu ƙinta kuwa suna ganin falsafar da ta jira hatimin hukuma ta rasa 'yancinta.

Wannan saɓani daɗaɗɗe ne. Tun a Atina ta ƙarni na 5 kafin Miladiyya, Sofistawa suna koyarwa don kuɗi, Sokratis kuwa ba ya karɓa. Ƙungiyoyin nan sun tsara sana'ar, amma ba su raba wannan gardama ba.