Horon kilika: yadda ake sabar wa doki da abin da yake tsoro

Horon kilika hanya ce ta koyar da dabba da sauti da lada maimakon bulala. Kilika 'yar na'ura ce da ake riƙewa a tafin hannu, idan aka danna ta sai ta yi "ƙas". Tushen hanyar binciken masanin halayya na Amurka ne, B. F. Skinner, wanda ya nuna cewa dabba takan maimaita aikin da lada ya biyo bayansa. Karen Pryor ta yaɗa ta da littafinta na 1984, sannan Alexandra Kurland ta shigar da ita harkar dawaki a shekarun 1990.

Doki dabba ce da Allah ya halitta da saurin gudu daga haɗari, shi ya sa leda da iska ta ɗauko ko laima da aka buɗe kwatsam kan sa ya zabura. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne a Katsina, garin hawan sallah da wasan folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944. Dokin da ya fito daga turke a Ƙofar Marusa zai ratsa babura da Keke Napep, ranar hawa kuma ga kakaki, ga bindiga, ga cincirindon yara. Zabura guda na iya kayar da mahayi ko take ɗan kallo.

Da farko akan danna kilika a miƙa wa doki ɗan gero ko dusa nan take, a maimaita har ya gane cewa sautin albishir ne. Sai a ajiye baƙon abin, misali lifidi, can nesa. Ya dube shi a natse, a danna, a ba shi lada. Haka nan idan ya matsa taku ɗaya, ya shinshina, har a kai ga ɗora masa a baya. Idan ya ja da baya, ba a dukansa. Akan koma matakin da ya wuce.

Sharaɗin farko shi ne danna kilika daidai lokacin aikin, domin jinkiri na rikita doki. Kada kuma a ba shi lada yayin da yake cusa baki a aljihun mai horo, don kada ya koyi cizo. Zama gajere kullum ya fi dogo sau ɗaya, kuma a fara tun watanni kafin sallah.