Harajin Zinariya da Azurfa a Agadas: Daga Zamanin Askiya Zuwa Rijiyoyin Jado

1. Gabatarwa

Tun daga 2014, lokacin da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, ake tafka mahawara a Nijar a kan yadda hukuma za ta karɓi rabonta daga wannan ciniki. Wasu na cewa a ƙara haraji, wasu kuma na cewa a rage shi don masu saye su daina ɓoyewa. A cikin wannan takarda za mu nuna cewa tarihin Agadas bai goyi bayan tsayawa ga adadin haraji kaɗai ba. A duk zamanin da muka duba, abubuwa uku ne suke yanke hukunci: wanda ke riƙe da hanya, da irin kuɗin da ake awo da su, da kuma inda mai saye na ƙarshe yake zaune. Siyasa da fatauci su ne ke juya waɗannan ukun.

Wajibi ne tun farko mu bambanta iri uku na abin da ake karɓa. Akwai zakka, wadda ke hawa kan dukiyar da aka ajiye shekara guda in ta kai nisabi, wato misƙali 20 na zinariya ko dirhami 200 na azurfa. Akwai kuɗin fito, da ake biya a ƙofar gari ko a iyakar ƙasa. Sannan akwai harajin ciniki, da ake ɗorawa a kan saye da sayarwa. Na biyu da na uku ne suka shafe mu.

2. Zamanin ayari

Sarautar Abzin ta kafu ne a farkon ƙarni na 15, kuma kafin tsakiyar ƙarnin ya shige sarki ya zauna a Agadas. A wancan lokaci ba a haƙar zinariya a Abzin. Tana fitowa ne daga yamma da kudu, daga Bure da ƙasar Akan, ta bi ta Jenne da Tambutu zuwa Gawo, sannan wani kaso ya ratso ta Agadas ya nufi Gat da Fazzan da Masar. Arzikin sarki ke nan ya dogara ga ƙofar da ayari zai bi tilas.

Wannan ne ya jawo hankalin Askiya Muhammadu na Songai, wanda ya kawo yaƙi Abzin a 1500 da kuma 1515. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya bayyana a littafinsa da aka buga a 1550 cewa sarkin Agadas na samun kuɗi masu yawa daga fiton baƙin fatake, yana kuma kai wa Askiya gandu na dukat 150,000 a shekara. Ko da a ce an yi zuzutawa a lissafin, ma'anarsa a fili take: cin yaƙi bai sauya wurin da ake karɓar fito ba, sai dai ya sauya aljihun da fiton ke ƙarewa a ciki.

Da sojojin Maroko suka karya Songai a Tondibi a 1591, Gawo ta rasa matsayinta, zinariyar da ke biyowa ta Agadas kuwa ta ja baya. Ba wata doka aka sake a Agadas ba. Kayan da ake karɓar fito a kansu ne suka sake hanya.

3. Abin da Barth ya tarar a 1850

Heinrich Barth ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850, zamanin Sarki Abdulƙadir. Ya tarar da gari mai kangaye da yawa, ya kuma ƙiyasta mutanensa kamar 7,000. Abin da ya fi mana amfani a bayaninsa shi ne batun misƙali. Asalin misƙali ma'aunin zinariya ne, nauyinsa ya ɗara giram 4 kaɗan. Amma a Agadas ta 1850 ya riga ya zama sunan lissafi kawai, daidai da wuri 1,000, alhali dalar azurfa ɗaya na tashi wuri 2,500. Sarki na karɓar misƙali 10, wato dala 4, a kan kowane raƙumi da ya shigo gari da hajar waje, ban da abinci. Sarkin Turawa, mai kula da fataken Larabawa da ayarin gishirin Bilma, shi ma yana da nasa rabon.

Abubuwa biyu za mu lura da su a nan. Na farko, ma'auni ya fi zinariyar kanta daɗewa: ta daina zuwa, amma da sunanta ake ci gaba da yanka haraji. Na biyu, ana yanka fiton ne bisa kayan raƙumi, ba bisa darajar abin da ke ciki ba. Tufafi da gishiri ba su ɓoyuwa, don haka suna biya. Zinariya kuwa, wadda fatake ke iya ɗinkewa cikin riga ko laya, wannan tsari bai iya kama ta. Matsalar da ma'aikatan duwan ke fama da ita yau tsohuwa ce.

4. Mulkin mallaka da azurfar maƙera

Faransawa sun kafa bariki a Agadas a 1906. A 1911 Italiya ta kama Tarabulus, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano. Hajar da a da take ƙetare hamada sai ta koma shigowa ta teku. Abin da ya rage na wannan fatauci ya daɗa durƙushewa bayan boren Kawsan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar da Faransawa suka yi wa mutanen gari. Sabuwar hukuma ba ta dogara ga fiton ayari ba. Ta ɗora lanho a kan kowane kai, ta kuma nemi a biya shi da kuɗin Faransa.

A wannan zamani azurfa ce ta fi zinariya muhimmanci a Agadas. Maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira inadan, suna samun ta ne ta hanyar narka kuɗi: liyar mai hoton Mariya Tereza, wadda aka yi ta bugawa da shekarar 1780 a jikinta, da kuma tsabar faran 5 ta Faransa. Tun da azurfar tana shigowa a matsayin kuɗi ne, ba a matsayin haja ba, babu wani harajin saye a kanta. Da hukuma ta shiga cusa kuɗin takarda tun daga yaƙin duniya na farko, jama'a suka riƙa ɓoye tsabar azurfa suna mayar da ita zobe da munduwa da abin wuya. Har yau idan Bahaushen Nijar ya ce dala yana nufin sefa 5, ko da yake babu azurfa a cikinta. Abin da ya sami misƙali shi ne ya sami dala.

5. Shekarun 1990: tawaye da karyewar sefa

Bayan ƴancin kai na 1960, tsabar azurfa ta yi ƙaranci, maƙera suka koma sayen azurfar da ake shigowa da ita daga waje. Daga nan ta zama haja, ta faɗa hannun duwan da harajin TVA. Masu sayen kayan maƙera su ma suka sauya: a shekarun 1980 ƴan yawon buɗe ido na Turai ne manyan masu saye.

Abubuwa biyu suka haɗu wa maƙerin Agadas. Tawayen da ya tashi a 1990 ya kori baƙi, har zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995. A tsakiyar wannan hali, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100. Tun da a kasuwar duniya ake yanka farashin azurfa, kuɗinta ya ninka a sefa. Tun da kuma duwan na karɓa ne bisa daraja, abin da ake biya shi ma ya ninka, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na dokar haraji ba. A watan ne kuma aka kafa ƙungiyar UEMOA, wadda ta fara aiki da fiton bai ɗaya a 2000, mai matakai 0 da 5 da 10 da 20 bisa ɗari. Daga lokacin, ikon yanka fito ya bar hannun Yamai ita kaɗai.

6. Daga 2014 zuwa yau

Gano zinariya a 2014 ya juya al'amarin: a karon farko jihar Agadas ta zama mai fitarwa, ba mashigi kawai ba. Dokar ma'adinai ta 1993, kamar yadda aka gyara ta a 2006, ta ɗora kashi 2.5 bisa ɗari a kan ƙananan masu haƙa, da kashi 3 a kan masu lasisin saye da sayarwa. An maye gurbinta da sabuwar doka a 2022. Waɗannan adadi ba su da nauyi. Nauyin yana ga tambayar ko zinariyar za ta bi ta gaban mai karɓa.

Jado ta fi kusa da iyakar Libiya a kan Yamai, kuma tun faɗuwar Gaddafi a 2011 babu ƙaƙƙarfar hukuma a Fazzan. Babbar kasuwar da zinariyar Sahel ke ƙarewa ita ce Dubai, inda ko bayan shigo da harajin TVA na kashi 5 a 2018 aka bar tsantsar zinariyar ajiya a kan sifiri. Kilo guda kuwa aljihu na ɗaukarsa. Dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure ta tura direbobi da yawa harkar zinariya, wato mutanen da suka fi kowa sanin hanyoyin hamada. Da gwamnati ta rufe Jado a 2017, masu haƙa suka watsu zuwa Cibarakaten da duwatsun Abzin.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jawo takunkumin CEDEAO, wanda ya rufe iyakoki har Fabrairun 2024. A Janairun 2024 aka ba da labarin kama zinariyar Nijar kimanin kilo 1,400 a filin jirgin Addis Ababa a kan hanyarta ta Dubai, gwamnati kuma ta dakatar da ba da sabbin lasisin haƙa. Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO a Janairun 2025, a watan Maris kuma ƙawancen AES ya sa harajin kashi 0.5 a kan hajar da ke shigowa daga waje. Amma ƙasar na nan cikin UEMOA tana kuma kashe sefa, wato ma'aunin bai sauya ba tukuna.

7. Kammalawa

Daga Askiya zuwa yau, ba mu ga lokacin da adadin haraji shi kaɗai ya yanke abin da hukuma ke samu daga zinariya ko azurfa ba. A 1515 mai karɓa ne ya sauya, a 1591 da 1911 hanya ce, a 1994 kuwa ma'auni. Saboda haka duk wani gyaran doka ya kamata ya fara da tambayar me zai sa mai zinariya ya zaɓi ƙofar hukuma: tsaron hanya, awo na gaskiya, da farashin da ya kusanci na Dubai a cikin garin Agadas kansa. Fatake sun biya Sarkin Abzin misƙali 10 ne domin akwai rijiya da kasuwa da kariya a bayan ƙofarsa.

Muna kira ga ɗalibanmu su duƙufa kan aiki biyu: nazarin rijistocin duwan da na lanho da ke gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai, da kuma ɗaukar bayanin tsofaffin maƙeran Agadas da suka ga ƙarshen zamanin narka liyar, tun suna raye.