Ko Buhun Sarki Sai An Ƙirga: Abin Da Tarihi Ya Koya Mana Kafin Zama Da Kamfanin Zuba Jari

A watan Janairun 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da suna Abdulkarim, ya yada zango a Tasawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Cikin abubuwan da ya gani ya rubuta har da wani aiki da ya ba shi mamaki. Ya tarar da wani ɗan kasuwa da mutanensa sun duƙufa suna ƙirga wuri 500,000 da hannu, biyar-biyar. A wancan zamani wuri shi ne kuɗi, kuma sarakuna kan sa a ɗura shi cikin buhunan saƙa, kowane buhu 20,000. Amma Barth ya lura babu mai karɓar irin wannan buhu, duk da ya san daga inda ya fito, sai ya zazzage shi ya ƙirga.

Na kawo wannan labari ne saboda halin da muke ciki yau. Daga Attantane zuwa Mayahi da Tasawa, wayar hannu ta kawo mana wasu baƙi da ke kiran kansu masu ba da shawara kan zuba jari. Suna neman malamin makaranta mai ɗan albashi, da magidancin da ya sayar da wake ko gyaɗa, da uwar da ɗanta ya aiko da kuɗin ci-rani. Cikinsu akwai kamfanonin gaskiya, akwai na bogi, kuma duka kwat iri ɗaya suke sawa. Abin da zai raba maka su shi ne ƙirgar da ka yi a gida tun kafin ranar zama. In ka bari sai kun zauna, a ofishinsa, da takardunsa, da bakinsa da ya saba, to shi zai yi maka ƙirgar.

Dillali da la'adarsa

Mai ba da shawara kan dukiya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sunansa dillali. Duk wanda ya taɓa kai akuya kasuwa ya san ƙa'idar: dillali yana da turke sananne, an san gidansa, an san la'adarsa, kuma in dabbar da ya sayar ta zama ta sata shi za a fara riƙewa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba sa bin madugun da ba su san tarihinsa ba, ba sa kuma sauka gidan da ba wanda ya taɓa sauka ya tashi lafiya.

Haka aka yi a zamanin cinikin gyaɗa. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suna ba 'yan ƙasa kuɗi a gaba su shiga ƙauyuka su sayo musu gyaɗa, kafin gwamnati ta kafa SONARA a 1962. Da yawa daga cikin alhazan Maraɗi daga nan suka taso. Su ma da suka yi ƙarfi ba sa danƙa wa yaro babban jari ranar da ya zo. Ubangida kan gwada baransa da ɗan kaya kaɗan, shekara da shekaru, kafin ya sakar masa. Amana a wurinsu abu ce da ake ginawa kan abin da ido ya gani.

Lokacin da suna ya maye gurbin ƙirga

Bayan samun 'yancin kai sai ajiya ta koma banki. An kafa Bankin Raya Ƙasar Nijar, BDRN, a 1961, ya zama banki mafi girma a ƙasar. Da kuɗin yuraniyom suka shigo a shekarun 1970 ya ba da bashi mai yawa, wani ga kamfanonin gwamnati, wani ga manyan mutane, ba tare da cikakkiyar jingina ba. Da farashin yuraniyom ya faɗi, bashin ya ƙi dawowa, aka rufe bankin a 1990, SONIBANK ya gaje shi. A daidai wannan tsakani asusun ajiya na gidan waya da asusun ba manoma rance su ma suka durƙushe. Ƙananan ma'aikata, har da malaman makaranta, sun daɗe suna jiran kuɗinsu. Mutanen nan ba kwaɗayi ya kai su ba. Sun ga sunan gwamnati a jikin buhu ne, kuma ba su da hanyar zazzage shi.

Shekara guda bayan haka, a 1991, a nan jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE da matan karkara suka fara tsarin Mata Masu Dubara. Ku dubi yadda aka gina shi. Mata kimanin ashirin zuwa talatin da suka san juna suna zubi kowane mako. Akwatin yana da kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam-dabam, mai ajiyar akwatin kuma ba ta da makulli. Ba a buɗe shi sai gaban kowa, a ƙirga kuɗin da ƙarfi kowa ta ji. In lokaci ya cika a raba. Mafi yawan matan ba su yi boko ba, amma tsarin nasu ya bazu ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta. Sun dawo da ƙa'idar Tasawa ta 1851 ne kawai: a ƙirga a gaban ido.

Maƙwabta da na nesa

A Jamhuriyar Benin, kamfanin ICC Services ya yi wa jama'a alkawarin riba da ta wuce kashi 100 cikin 100 a shekara. Shugabanninsa suna da kusanci da wata majami'a, ana ganinsu tare da manyan ƙasa, suna raba kyauta a bainar jama'a. Izinin karɓar ajiya ne ba su da shi. Da asiri ya tonu a 2010 an ƙiyasta abin da ya salwanta ya haura sefa biliyan 100, har ministan cikin gida ya rasa kujerarsa. A Nijeriya, MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. Hukumar inshorar ajiya ta ƙasar ta ce mutum kimanin miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Dabarar ɗaya ce da wadda Charles Ponzi ya yi a birnin Boston na Amurka a 1920: a biya na farko da kuɗin na baya, har ranar da na baya suka ƙare.

Kada a ce abin na marasa ilimi ne. Bernard Madoff ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq, kamfaninsa na da rajista, attajirai da bankunan Turai suna rububin kai masa kuɗi. Wani masanin lissafi, Harry Markopolos, ya zauna da alƙaluman ribarsa ya ga ba za su yiwu ba, ya yi ta kai ƙara shekaru ba a saurare shi ba. An kama Madoff a Disamban 2008. Dala biliyan 65 da ke rubuce a takardun abokan cinikinsa mafi yawanta babu ita. Shi ne mai ba da shawara, shi ne mai riƙe kuɗin, shi ne mai rubuta rahoto. Wato makullan nan uku duk suna aljihu ɗaya.

Ƙirgar da za ka yi kafin ka je

Na farko, izini. Takardar rajistar kasuwanci da lambar haraji ba su ne izinin juya kuɗin jama'a ba; mai shagon siminti ma yana da su. A ƙasashen UEMOA, hukumar AMF-UMOA da ke Abijan, wadda a da ake kira CREPMF, ita ke ba kamfanonin dillancin hannun jari da masu ba da shawara izini, tana kuma wallafa sunayensu a shafinta na intanet. Bankuna suna cikin jerin da BCEAO ke fitarwa. Ƙananan asusun ajiya da rance na ƙarƙashin hukumar ARSM a Yamai. In kamfanin na Nijeriya ne, hukumar SEC za ka duba. Ka nemo sunan da kanka a shafin hukumar, kada ka dogara da hoton takarda da aka turo maka ta WhatsApp. In karatun Faransanci na ba ka wuya, malamin makarantar garinku na nan.

Na biyu, daga ina ribar ke fitowa? Asusun ajiya na banki a yankinmu yana ba da kashi 3.5 cikin 100 a shekara: jikka ɗari ta zama 103,500. Kashi 30 a wata kuwa, in aka bar shi yana hawa, zai mayar da jikka ɗarin nan fiye da miliyan 2 da dubu 300 cikin wata goma sha biyu. Wace sana'a ce ke ninka jari sau 23 a shekara, kuma mai ita har yana neman jikka ɗarinka? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu ma sun yi maganar ƙiradi, inda wani ke ba da jari wani ya juya. Sharaɗinsa a raba ribar da aka samu bisa kaso sananne, kamar rabi ko sulusi, ba a yanke wani adadi tun kafin ciniki. Duk wanda ya ce maka riba tabbas ce kuma asara ba ta yiwuwa, lissafi ya ƙaryata shi, malamai ma suna da magana a kansa.

Na uku, wa ke biyan la'adarsa? In kamfanin da yake tallar hajarsa ke biyansa, to ka san ɗan talla ne ke ba ka shawara. Ka tambayi kuɗin shiga, da na shekara, da na fita, a rubuce. In kuma ladanka na ƙaruwa ne da yawan mutanen da ka kawo, ka tashi.

Na huɗu, a hannun wa kuɗin za su zauna? Hannun jarin da aka saya a kasuwar BRVM ta Abijan ana rubuta shi cikin asusu da sunanka, kuma kana da haƙƙin ganin bayaninsa. Wanda ya ce ka tura kuɗi ta lambar wayar wani mutum, ya riga ya ba ka amsa.

Na biyar, yaya ake fita? Ka nemi mutum biyu ko uku da suka karɓi uwar kuɗinsu gaba ɗaya, ba ribar wata ɗaya ko biyu ba, kuma ka nemo su da kanka. Kafin nan ka ware abin da ba ya shiga ciniki ko da wa: hatsin rumbu, kuɗin magani, kuɗin karatun yara. Ranar zama ka tafi da tambayoyinka a rubuce, ka tafi da wani, kada ka sa hannu a ranar. Kamfanin gaskiya ba ya jin haushin tambaya, kuma zai ba ka takardun ka je gida da su.

'Yan'uwana malamai, lissafin kashi cikin ɗari yana cikin manhajarmu. Mu ba ɗalibai aikin jikka ɗari da kashi 30 a wata su yi shi da hannunsu har wata na goma sha biyu, su kai gida su nuna. Ku kuma iyaye, in yaro ya zo da labarin kamfanin da abokansa suka shiga, kada a tsaya ga faɗa kawai. A zauna da shi a bi tambayoyin nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Kakanninmu sun ɓata yini suna ƙirga wuri ba don sun raina sarki ba, sai don dukiyar tasu ce. Allah ya tsare mana guminmu, ya sa albarka a ɗan abin da muka tara.